Biskit ɗin Yogot Mai Ƙarancin Maiƙo

Biskit ɗin yogot gashi ne na fulawar alkama da ake kwaɓawa da yogot, a rage masa bota sosai, wani lokacin ma a cire ta ɗungurungum. Yana cikin dangin burodin gaggawa, waɗanda ba a sa musu yis balle a zauna jiran su tashi: bekin foda da bekin soda ne ke kumbura su a cikin oben. Irin na Amurka ake nufi a nan, mai laushi da tudu, wanda ake ɓarewa biyu da hannu a ci da ɗuminsa, ba busasshen nan na cikin leda mai ƙarmas-ƙarmas ba. A kama ya fi kusa da sikon ɗin Birtaniya, wani ɗan gashin fulawa da ake ci da shayi, sai dai shi ba a cika sa masa sukari ko ƙwai ba.

Asali

Kafin ƙarni na 19, mai son kwaɓinsa ya tashi galibi ba shi da madogara sai yis ko ƙarfin damtse. A kudancin Amurka akwai biskit ɗin da ake yi ta jibgar kwaɓinsa da katako har ya yi sulɓi, don dai iska ta shige shi, kuma duk da wannan wahala da tauri yake fitowa. Sinadaran kumburi ne suka sauya lamarin. A 1843 Alfred Bird, mai harhaɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, ya haɗa bekin foda saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. A 1845 Henry Jones, mai gidan burodi a Bristol, ya yi rajistar fulawar da aka riga aka gauraya ta da sinadarin kumburi. Shekara guda bayan haka John Dwight da Austin Church suka soma sana'ar bekin soda a Amurka, a 1856 kuma Eben Horsford na Jami'ar Harvard ya yi rajistar wani sinadarin fosfet mai tsami da ake haɗawa da soda. Daga nan biskit ya zama abin da za a kwaɓa a gasa cikin rabin sa'a.

Ruwan kwaɓi na asali shi ne madara mai tsami da ke saura bayan an kaɗa an kwashe mai, domin tsaminta ne ke tayar da soda. Yogot ya gaji wannan gurbi daga baya. Ya daɗe ƙwarai a Gabas ta Tsakiya da Asiya ta Tsakiya da yankin Balkan, amma a makare ya shiga ɗakunan girkin yammacin Turai da Amurka. Sai a 1905 Stamen Grigorov, ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, ya gano ɗaya daga cikin ƙwayoyin bakteriyar da ke sa shi tsami, a 1919 kuma Isaac Carasso ya fara sayar da shi a Barcelona da sunan Danone. Sa shi a madadin bota ya yaɗu ne a shekarun 1980 da 1990, lokacin da gudun maiƙo ya zama yayi.

Aikin mai a cikin kwaɓi

Ba za a gane abin da yogot ke yi ba sai an san abin da aka rasa da aka cire bota. Fulawar alkama tana ɗauke da furotin iri biyu, gulutenin da giliyadin. Da zarar sun sha ruwa aka juya su, sai su sarƙe su zama gulutin, wato danƙon nan da ke sa kwaɓi ya riƙa jawuwa. Burodi yana son danƙon da yawa, biskit kuwa ɗan kaɗan yake so. Mai yana lulluɓe garin ya tare ruwa, gulutin ya kasa yin tsawo, gashi ya fito da laushi yana marmashewa a baki.

Aiki na biyu na bota ne da duk wani mai da ke daskarewa. Kusan kashi 80 cikin 100 na bota mai ne, kashi 16 zuwa 18 ruwa. Idan ta shiga oben a gutsi-gutsi da sanyinta, kowane gutsure zai narke ya bar gurbi, ruwan cikinsa ya zama tururi ya buɗa gurbin. Shi ya sa biskit mai kyau yake rabuwa hawa-hawa kamar shafukan littafi. Bayan waɗannan, mai ne ke ɗauke da ƙamshi, shi ne kuma ke hana gashi saurin bushewa.

Abin da yogot ke iyawa da abin da ya gagare shi

Ana samun yogot ne idan bakteriya iri biyu, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, suka yi aiki a madara a ɗumin digiri 40 zuwa 45 na ma'aunin Selsiyos. Suna mayar da sukarin madara ya zama laktik asid, har ma'aunin tsami na pH ya sauko zuwa 4.6 ko ƙasa da haka, madarar ta yi kauri. Wannan tsamin shi ne jarin yogot a wajen gashi. Yana haɗuwa da bekin soda su fitar da iskar kabon dayokzaid, kwaɓi ya cika da ƙananan kumfa. Yana kuma ɗan sassauta gulutin. Kaurinsa yana riƙe danshi, ya hana kwaɓi bajewa a faranti. Furotin da sukarin da ke cikinsa su ne ke sa saman biskit ya yi ja, ta hanyar haɗuwar nan da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Ɗan sodan da ke cikin kwaɓin ma yana ƙara hanzarta ta.

Iyakarsa ke nan. Fiye da kashi 80 cikin 100 na yogot ruwa ne, kuma ruwa shi ne abin da gulutin ke jira. Wanda ya cire bota ya zuba yogot ya yi abu biyu a lokaci guda: ya janye katangar da ke tare ruwa, ya kuma ƙaro ruwan. Nan ne yawancin masu gwadawa ke tuntuɓe, su ce yogot ba ya biskit, alhali hannunsu ne ya yi yawa a kwaɓin. Juyin da kwaɓi mai bota da yawa zai yafe, wannan ba zai yafe ba. Sannan yogot ba ya daskarewa a gutsi-gutsi, don haka ba ya samar da hawa-hawa. Biskit ɗin da babu ko ɗigon mai a cikinsa yana tashi, yana kuma ciyuwa, amma a gaskiya ya fi kama da ƙaramin burodi mai ɗan danƙo. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar rubu'in botar da aka saba sawa ko sulusinta, a tabbatar tana da sanyi ƙarara.

Yogot ɗin da ake so shi ne zalla, marar sukari, marar ƙamshin 'ya'yan itace. Na cikakkiyar madara yana da maiƙo kashi 3 zuwa 3.5 cikin 100, na tsakiya kashi 0.5 zuwa 2, wanda aka kwashe wa mai kuwa bai kai 0.5 ba. Tatacce, wanda aka fi sani da na Girka, yana da furotin giram 9 zuwa 10 a kowane giram 100, kimanin ninki biyu na wanda ba a tace ba, kuma saboda kaurinsa sai an sirka shi da madara babban cokali biyu zuwa huɗu. Yogot ɗin sha mai ruwa-ruwa ba ya riƙe kwaɓi, mai sukari kuma yana sa sama ya ƙone ciki bai nuna ba.

Ma'auni da yadda ake yi

Don biskit 8 zuwa 10 ana buƙatar fulawa giram 250, wato kimanin kofi biyu. Bekin foda ƙaramin cokali biyu. Bekin soda rubu'in ƙaramin cokali. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Bota giram 30, wato babban cokali biyu. Da yogot giram 200. Na gargajiya yakan ci bota giram 85 zuwa 115 a kan wannan fulawar. Fulawa mai ƙarancin furotin, kashi 8 zuwa 10 cikin 100, ta fi dacewa. Ta burodi mai kashi 12 zuwa 14 tana kawo tauri. Wanda ba shi da sai ta gama-gari yakan ɗebe babban cokali biyu daga kowane kofi ya cike da sitacin masara.

Oben ake fara kunnawa, ya kai digiri 220 kafin a taɓa yogot. A tankaɗe busassun kaya tare har sau biyu, domin dunƙulen soda guda ɗaya ya isa ya ɓata loma. Da yake botar kaɗan ce, yanka ta da wuƙa ba ya raba ta ko'ina. Gara a sa ta a firiza ta daskare, a goge ta a magogi kai tsaye a kan fulawar, a barbaɗa da yatsu. Idan an ji ta fara laushi a hannu, a mayar da kwanon firji na minti goma. Sai a yi rami a tsakiya, a zuba yogot mai sanyi, a juya da cokali mai yatsu har busasshen gari ya kusa ɓacewa, a tsaya. Kwaɓin zai yi kaca-kaca, yana manne wa cokali, da ɗan gari a gindin kwano. Haka ake son sa. Wanda ya yi sulɓi ya riga ya wuce.

A juye shi a kan katako da aka barbaɗa wa fulawa, a danna da tafin hannu har kaurinsa ya kai santimita 2, a ninka gida uku, a sake dannawa. Sau biyu ko uku ya wadatar, kuma wannan ninkin ne ke maido da kaɗan daga hawa-hawan da aka rasa. Wajen yanka, a danna abin yankan ƙasa a ɗaga shi sama ba tare da murɗawa ba, don murɗawa tana liƙe gefe, biskit ya tashi a karkace. Ragowar da aka tattara aka sake yankawa kullum ta fi tauri, shi ya sa wasu ke yanka duka kwaɓin da wuƙa mai kaifi a kusurwa huɗu, babu asara. A jera su suna taɓa juna, don su tallafi juna su yi sama maimakon gefe, a shafa madara a kai, a gasa minti 12 zuwa 15.

Soda ba ta jira: tun daga lokacin da ta gamu da yogot take fitar da iska. Yawancin bekin foda na yanzu sau biyu yake aiki, ɗaya a jiƙe ɗaya a zafi, shi ne ke ceton kwaɓin da ya ɗan jima. Duk da haka, idan akwai jinkiri, firji ne wurinsa.

Akwai gajeriyar hanya: a ƙara yogot har kwaɓin ya yi laushin da cokali zai ɗiba, a riƙa ɗorawa a faranti cokali-cokali. Ba ya yin kyan gani, amma da yake hannu bai taɓa shi ba, da wuya ya yi tauri.

Inda ake samun matsala

Ɗanɗanon sabulu da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a ciki alamar soda ce da ta fi ƙarfin tsamin. Rabin ƙaramin cokali shi ne abin da kofi guda na yogot zai iya kashewa. Ƙin tashi kuwa galibi daga tsohon bekin foda ne ko oben da bai yi zafi ba. Gwajin ba wuya: a zuba ɗan foda a ruwan zafi, soda kuma a ruwan lemon tsami, idan bai yi kumfa nan take ba ya mutu. Ciki mai damƙewa ya fi faruwa da yogot marar mai ko kaɗan. A rage wuta zuwa 200 bayan minti goma, a ƙara lokaci, a kuma bar shi ya huce minti biyar kafin a ɓare. Garin alkama da dusarsa yana shiga har sulusin fulawar ba tare da ya danne tashi ba, sai dai ya fi shan ruwa.

Lissafin maiƙo da kalori

Giram guda na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin 4. Idan aka raba kwaɓin gargajiya mai bota giram 115 gida goma, kowane biskit zai ɗauki maiƙo kusan giram 10 da kalori kimanin 180. Da ma'aunin da aka bayar a sama, maiƙo yana sauka zuwa giram 3, kalori zuwa kimanin 125. Ke nan maiƙo ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, kalori kuwa da kashi 30 kawai, domin fulawar tana nan yadda take. Wanda ya ci biyu da sunan marar nauyi ne ya wuce wanda ya ci ɗaya na gargajiya. Ribar gaske tana wajen daskararren maiƙo, wato nau'in maiƙon da ake kira saturated fat a Turance, wanda ya kai rabin nauyin bota, wanda kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawartar kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini.

A dokar Tarayyar Turai, abinci mai tauri ba ya samun lakabin mai ƙarancin maiƙo sai maiƙonsa bai wuce giram 3 a giram 100 ba. Biskit mai bota giram 30 yana da kusan giram 7, don haka a hukumance wanda aka rage wa maiƙo ne. Marar bota ko mai 'yar kaɗan ƙwarai ne ke haye wancan shinge. Sodiyom kuma, wato sinadarin nan da ke cikin gishiri, bai motsa ba: tsakanin gishiri da foda da soda, kowane guda yana ɗauke da miligiram 250 ko fiye, daga cikin 2,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin iyakar yini. Bakteriya masu rai da ake shan yogot dominsu ba sa tsira daga zafin oben, amma furotin da kalsiyom suna nan. Akwai gulutin da sauran sukarin madara a ciki, don haka bai dace da masu cutar siliyak ba, wato waɗanda jikinsu ba ya karɓar gulutin, masu wahala da madara ma sai su lura.

Ajiya

Ranar da aka gasa shi ita ce ranarsa. Yayin da gashi ke hucewa, sitacin cikinsa yana sake ɗaurewa yana sakin ruwa, kuma ƙarancin mai yana sa a ji hakan da wuri. Firji yana ƙara hanzarta wannan, firiza ce ke tsayar da shi. Ana iya daskarar da gasasshe har wata biyu zuwa uku, a ɗumama shi a digiri 180 na minti biyar zuwa takwas. Mafi kyau dai a daskarar da ɗanyen da aka yanka, a jera a faranti har ya ƙanƙare kafin a zuba a leda, ranar buƙata a sa shi a oben kai tsaye ba tare da ya saki ba, a ƙara minti huɗu ko biyar a kan lokacin gashi.