Taba da kamfanin sigari a Arewa zamanin Turawa

Taba shuka ce da asalinta daga nahiyar Amurka, ana kyautata zaton ta iso Afirka ta Yamma wajen shekarar 1600. Kenan Turawan mulki sun tarar da ita ne a ƙasar Hausa, ana nomanta a fadama da bayan gida, maza su daka busasshen ganyen da kanwa su zuba a baki ko su shaƙa, wasu su cusa a lofe, mata kuma su goga furenta a haƙora tare da goro har bakin ya yi jawur. Malamai sun daɗe da saɓani kanta, wasu sun ce makaruhi, wasu haram.

Zuwan kamfani

Kamfanin British American Tobacco (BAT) ya fara da shigo da sigari Najeriya wajen 1912. A 1933 ya kafa ƙaramar masana'antar gwaji a Oshogbo, babbar kuma a Ibadan a 1937, to tun da injin na buƙatar ganye sai aka shiga raba wa manoma irin waje. A ƙasar Oyo gasa ganyen ake yi da zafin wuta a ɗaki na musamman, a Arewa kuwa, musamman Zariya da fadamun ƙasar Sakkwato, rataye shi ake a rumfa iska ta busar. A 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company (NTC), ita ta buɗe masana'antar Fatakwal a 1956 da ta Zariya a 1959.

Tsarin dai shi ne kamfani ya ba da iri ko dashe, ya turo malamin gona, ranar awo kuma ma'aikacinsa ne zai duba ganye ya ce wannan lamba ɗaya ne wannan lamba uku, kuɗin ma shi ya yanka. Manomin da ya yi watanni yana ban ruwa, yana karye kan shuka don ganye ya yi faɗi, hannunsa duk danƙo, ba shi da wani mai saye na biyu balle ya yi ciniki, kuma wannan shi ne babban ciwon harkar. An samu kuɗin rani kam, na haraji da na aure.

Bauchi da Gombe

Nan auduga da gyaɗa ne suka riƙe manomi, Gombe ma da auduga ta yi suna, jirgin ƙasa kuma bai iso yankin ba sai farkon shekarun 1960. Abin da ya fi shigowa yankin shi ne sigarin kanta, irin su Bicycle da Three Rings, a teburin mai shayi da tasha ana sayarwa kara-kara, tabar gargajiya ta koma ta tsofaffi a kasuwar ƙauye.

Bayan mulkin kai

BAT ta haɗe da NTC a 2000. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta fito a 2015.