Kwantam da tsaron waya: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun ranar da wani ya jefo bidiyo a gurup ɗin garinmu wai an ƙera kwamfutar kwantam da za ta buɗe asusun kowa, ban huta ba. Da yake fizik nake koyarwa a sakandare, kowa ni ya gani, a ƙofar masallaci, a shagon caji, har a hanyar gona sai an tsayar da ni. To ga amsoshin nan waje ɗaya, duk wanda ya ƙara tambaya wannan zan tura masa.

Malam, da gaske an ƙera kwamfutar da ke fasa banki?

A'a. Su IBM da Google suna da kwamfutocin kwantam, amma babu wadda ta kai ƙarfin fasa kwaɗon banki a yau.

To waye ya kwashe wa Baba kuɗin riɗinsa?

Ɗan damfara ne da waya da daɗin baki. Ina zaune a benci a shagon caji Baba ya miƙo min wayar hannunsa na rawa, na duba na ga an kira shi an ce za a rufe masa BVN, lamba ta shigo, shi kuma ya karanta musu ita ɗaya bayan ɗaya. Don Allah jama'a, sau nawa za a faɗa? Banki ba ya kiranka ya ce ka ba shi lambar sirri. Ku da kuke da iyaye tsofaffi ku zauna ku gaya musu, haƙƙi ne a kanku.

Menene ma kwantam ɗin?

Ilimin yadda ƙananan abubuwa ke aiki ne, irin su ƙwayar zarra da ƙwayar haske. Ba aljanu ba ne, ba kuma sunan kamfani ba.

Wani a kasuwar Wudil yana sayar da sitikar kwantam ta liƙawa a bayan waya, in saya?

Kar ka saya. Leda ce.

An ce da kwantam ana iya tsare saƙo ta hanyar haske, ta yaya hakan zai yiwu?

Ba saƙon ake turawa da shi ba, mabuɗin ake turawa. Ana aika ƙwayoyin haske ɗaya-ɗaya ta wayar faiba, kuma a dokar kwantam ba ka isa ka auna ƙwayar ba tare da ka taɓa yanayinta ba, ba kuma a iya kwafarta. Kamar ka share rairayin ƙofar rumbu ne da daddare, duk wanda ya zo leƙe sai sawunsa ya fito. Mai aikawa da mai karɓa sai su gwada wani yanki na abin da suka samu, in kuskure ya yi yawa sun san an yi musu laɓe, sai su watsar da wannan mabuɗin su sake wani. Charles Bennett da Gilles Brassard ne suka fito da dabarar a 1984, shi ya sa ake ce mata BB84.

An taɓa yi ko duk a takarda ne?

An yi. Chaina ta harba tauraron ɗan adam mai suna Micius a 2016, a 2017 aka yi kiran bidiyo da mabuɗinsa tsakanin Beijin da Biyana ta ƙasar Ostiriya, a shekarar kuma suka buɗe layin faiba mai kilomita 2,000 daga Beijin zuwa Shanghai.

Yaushe za a kawo mana nan?

Ɗan uwa, mu da sai an hau tudu ake samun sabis? Kuma abin ba na wayar hannu ba ne. Haske na raguwa a cikin faiba, duk kilomita 15 rabi ya tafi, a kilomita 100 kashi 1 cikin 100 ne ke isa, kuma ba a iya ƙara masa ƙarfi a hanya tunda ba ya kwafuwa. Dole sai an yi ta kafa tashoshi masu gadi. Kayan gwamnatoci ne da manyan bankuna.

Hoton katin NIN da takardar gona da nake turawa yau, za a iya buɗe su nan gaba? In daina turawa?

To wannan ita ce tambayar, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. A 1994 wani masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa in aka samu kwamfutar kwantam mai girma sosai za ta warware lissafin da kwaɗo irin RSA ya dogara a kai, wanda intanet ta daɗe tana kulle kayanta da shi. Har yau ba a gina ta ba, masanan ma kansu ya rabu a kan yaushe. Amma abin da ke damuna shi ne mai ƙarfi zai iya kwasar saƙonni a kulle yau ya adana, ya jira ranar da mabuɗi zai samu, kamar mai ɓoye hatsi yana jiran bazara. Saboda haka ya danganta da abin da ka tura. Farashin buhun gero na wannan makon, nan da shekara 10 ba wanda zai amfana da shi, kwantar da hankalinka. Lambar NIN kuwa da takardar gado da takardar asibiti, waɗannan suna nan tare da kai har tsufa, su ne abin lura. Duk da haka ban ce ka daina ba, don wani lokacin dole ce, kuma gaskiya mai irin wannan ƙarfin gwamnatoci da sojoji yake hari kafin ya waiwayi manomi a Gaya. Sannan gyara ya riga ya fara, kuma ba da haske ba, da sabon lissafi ne da ake ganin ko kwamfutar kwantam ba za ta iya warware shi ba, ana ganin ne fa, ba rantsuwa aka yi ba. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka ta fitar da ƙa'idojin wannan lissafin guda 3 a Agustan 2024, manhajar tura saƙo ta Signal ta fara sa irinsa tun 2023, Apple ta sa a iMessage a 2024. Ta afdet yake shigowa waya, to a nan ne matsalarmu take, don da yawanmu tsofaffin wayoyi muke riƙewa waɗanda kamfani ya daina turo musu komai, masu sababbin kuma sai su danne afdet don tsoron data. Shawarata, in takardar mai nauyi ce kuma za ka iya kai ta da hannu, kai ta. In dole ne ka tura ta manhaja mai kulle saƙo daga kai zuwa mai karɓa, ban da tes na layi, ban da gurup mai mutum 200, in aiki ya ƙare kuma ku goge.

Kenan sai na sayi sabuwar waya?

A'a ƙanina, ba yanzu ba. Ka yi afdet in ya zo, ka sa wa layinka PIN, ka kuma cire wannan takardar da ka rubuta lambar ATM ka cusa a bayan kwandon wayarka.