Shin Alfadara Ba Ta Haihuwa Ko Kaɗan?

An daɗe ana ɗauka cewa alfadara ba ta haihuwa sam, har Romawan dā kan ce "sai ran da alfadara ta haihu" idan suna nufin abin da ba zai yiwu ba. Maganar tana da tushe, amma an wuce gona da iri.

Alfadari ɗan jaki ne da goɗiya. Doki yana da kuromosom (wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 64, jaki yana da 62, alfadarin kuwa ya gaji 63, adadin da ba ya rabuwa gida biyu daidai, ga kuma na uwa da na uba ba su dace da juna ba, shi ya sa ƙwayar haihuwa mai inganci ke wuyar samuwa. Namijin dai ba a taɓa tabbatar da ya ba da ciki ba, amma macen jefi-jefi takan ɗauka. An ga haka a Maroko a 2002, sannan a jihar Kolorado ta Amurka a 2007, inda gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar ɗan nata ne.

Ko Hirodotus, masanin tarihin Girka, ya ruwaito cewa wata alfadara ta haihu lokacin da Farisawa suka yi wa Babila ƙawanya, mai ita ya ɗauke ta alamar faɗuwar birnin.