Waiwaye: Yadda bankin gari ya zo ya wuce

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ake ta muhawara kan garuruwan Arewa da ba su da reshen banki ko ɗaya, inda mai son cire kuɗinsa sai ya biya mai POS lada ko ya hau mota zuwa birni. Da yawa na danganta abin da matsalar tsaro. Tana da nata kason, amma ƙofofin sun fara rufewa tun kafin ta ta'azzara.

A 1977 aka ɓullo da shirin kai bankuna karkara, aka buɗe ɗaruruwan rassa, wasunsu ba su kai labari ba. Haɗewar bankuna ta 2005, wadda ta mayar da 89 zuwa 25, kowa ya san ta.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne bankunan al'umma. An buɗe na farko a Tudun Wadar Kaduna a Disambar 1990, cikin 'yan shekaru suka haura dubu a faɗin Najeriya. Kowannensu na gari ɗaya ne, 'yan gari da ƙungiyarsu ta ci gaba ke da hannun jarinsa. Ma'aikaci kan zaga kasuwa da katin ajiya kamar mai karɓar adashi, mai ƙosai ta zuba nata, dillalin hatsi ya zuba nasa. Rance kuwa da shaidar mutunci ake bayarwa, ba sai da takardar fili ba.

Da yawa sun durƙushe saboda ƙarancin ƙwararrun ma'aikata da bashin da aka ci ba a biya ba. Shi ya sa a Disambar 2005 aka fito da tsarin mayar da su bankunan ƙananan rance, da sharaɗin jarin naira miliyan 20 kafin ƙarshen 2007. Sharaɗin na da hujja, don kare kuɗin masu ajiya. Sai dai a ganina nan ne aka bar garuruwanmu a baya. Dukiyar manomi tana rumbu da garke, ba ta takarda ba. Masu hali kuma na ƙyamar sa kuɗinsu a harkar kuɗin ruwa, ga shi cikakken bankin kasuwanci marar ruwa bai fara aiki a ƙasar ba sai 2012. Garin da ya kasa haɗa jarin sai ya rasa bankinsa, sababbin da aka buɗe kuma suka fi taruwa a Legas da manyan birane.

Su ma ba duka suka tsira ba: a 2010 aka soke lasisin wasu 224 daga cikin bankunan ƙananan rancen.