Yadda Mutum-mutumi Ke Nemo Mafita Daga Hoton Sarƙaƙƙiyar Hanya

Shin mutum-mutumi yana ganin hoto kamar yadda muke gani?

A'a, lambobi kawai yake karɓa. Hoto tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel. Idan aka cire masa launi, kowane ɗigo yana ɗauke da lamba tsakanin 0, wato baƙi ƙirin, da 255, fari fat. Sai mai rubuta manhaja ya ja iyaka: abin da ya gaza ta bango ne, abin da ya haura ta fili ne. Akwai dabarar da Nobuyuki Otsu na Japan ya wallafa a 1979 mai zaɓo wannan iyaka da kanta, kuma tana nan cikin OpenCV, kundin kayan aikin sarrafa hoto wanda masu aiki da harshen rubuta manhaja na Python suka saba da shi.

Da zarar an raba bango da fili, ta yaya ake samo hanyar?

Kamar ruwan da aka zuba a mashiga yana malala. Ɗigon farko ya sami 0, maƙwabtansa su sami 1, nasu maƙwabtan su sami 2, haka dai har lambobin su isa mafita. Daga can sai a dawo da baya, ana bin lambar da ke raguwa. Hanyar da ta fito ita ce mafi gajarta, muddin kowane taki daidai yake da ɗan'uwansa. Edward F. Moore ya wallafa wannan dabara a 1959.

Matsalarta yawan aiki ne: hoto mai ɗigo 1000 a tsaye da 1000 a kwance yana da ɗigo miliyan ɗaya. Shi ya sa ake komawa ga wata dabarar bincike mai suna A*, wadda Hart da Nilsson da Raphael suka fitar a 1968 a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Amurka, lokacin aikin wani mutum-mutumi mai suna Shakey. Ita tana ƙiyasta sauran nisa, ta fara duba ɓangaren da ya fi kusa da mafita.

Me zai hana mutum-mutumin ya riƙa bin bangon dama har ya fita?

Idan wurin da ake nema yana tsakiya, zagaye da bangon da bai haɗu da na waje ba, zai yi ta kewaya ne kawai.

Hanya ta fito tsaf a allo, amma yana karo da bango. Me ke faruwa?

A nan ne aikin yake, kuma a ganina nan ya kamata mai koyo ya fi ba lokacinsa. Dabarun nan suna ɗaukar mutum-mutumi tamkar ɗigo ɗaya, alhali yana da jiki. Gajeriyar hanya kuwa goga kusurwa take yi. Maganin shi ne a kumbura bangon cikin hoton da aƙalla rabin faɗin mutum-mutumin kafin a fara bincike. Duk lungun da ya toshe bayan haka, dama ba zai shige shi ba.

Sai batun haske. Inuwa kan zama bangon ƙarya, ƙyalli kuma kan huda bangon gaske. Ɗigo ɗaya tak ya ɓule, hanya ta zurara ta cikinsa. Idan kuma kyamarar da ke ɗaukar hoton daga sama a karkace take, dole a miƙar da hoton ta amfani da kusurwoyinsa huɗu, sannan a auna ɗigo nawa ne santimita ɗaya.

Bayan an gyara duk wannan, zai isa lafiya?

Ba lallai ba ne, domin tayoyi suna zamewa, kuskuren kuma taruwa yake yi da tafiya. Don haka ake rage hanyar zuwa wuraren juyawa kawai, kyamarar sama ta ci gaba da bibiyar wata alama da ke kan mutum-mutumin, manhaja tana gyara masa alƙibla duk lokacin da ya kauce.