Wai malaman addinin Buddha ba ruwansu da siyasa?

Tun muna yara muke ganinsu a finafinai, mutum ya aske kai ƙwal, ya yafa mayafi ruwan goro, ya tanƙwashe ƙafa ya rufe ido, sai muka ɗauka ai waɗannan sun saki duniya ba ruwansu da mulki. To ba haka abin yake ba fa.

Ku duba Myanmar a 2007, da gwamnatin soja ta ƙara kuɗin man fetur, dubban malaman nan ne suka cika titunan Yangon, kuma suka kife kwanukan bararsu, ma'ana sun daina karɓar sadakar sojoji da iyalansu, a wajensu kuwa wannan hukunci ne mai zafi don ta hanyar ciyar da malami ne mabiyi ke neman lada. Amma a ƙasar dai aka samu wani malaminsu Wirathu da tafiyarsa mai suna 969 yana ta wa'azin ƙin Musulmi, ga shi a 2017 Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya sama da 700,000 suka tsere Bangladesh saboda farmakin soja. Wannan kam wallahi har yau yana min ciwo.

A Sri Lanka malamin Buddha ne ya harbe firaminista Bandaranaike a 1959, sannan a zaɓen 2004 malamai suka tsaya takara ƙarƙashin jam'iyyar JHU suka ci kujeru 9 a majalisa.

Shi kansa Dalai Lama, babban malamin Buddha na Tibet, sai 2011 ya sauka daga shugabancin siyasar 'yan Tibet.