Mai Ciwon Daji da Motsa Jiki: Ya Kwanta ne ko Ya Tashi?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji a Sakkwato ya san abin da 'yan dubiya ke faɗi in za su tashi: "A bar shi ya huta, kar ya wahalar da kansa." Da kyakkyawar niyya suke faɗi. Sai dai masu bincike sun kusa shekara 40 suna auna wannan magana, abin da suka samu kuwa ya saɓa mata. Ga tambayoyin da masu jinya suka fi yi.

Inna na fama da gajiya tun da aka fara mata kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin daji. Ba hutu ta fi buƙata ba?

Gajiyar daji daban take da ta wanda ya wuni a fadama, barci ba ya kore ta. In mutum ya lazimci shimfiɗa, tsoka na zubewa, zuciya da huhu su yi sanyi, sai ɗaukar buta ma ya zama aiki. Daga nan ya ƙara kwanciya, ƙarfin ya ƙara tafiya.

A ƙarshen shekarun 1980 wasu malaman jinya biyu na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, Maryl Winningham da Mary MacVicar, suka sa mata masu dajin mama da ke karɓar kemo tuƙa keken motsa jiki sau 3 a mako har mako 10. Ƙarfinsu ya ƙaru, tashin zuciya ya ragu. Tun daga nan an yi gwaje-gwaje masu yawa, kuma cikin abubuwan da aka gwada don rage wannan gajiya, motsa jiki na sahun gaba. Inna ta huta, amma ta riƙa tashi.

Motsa jikin yana ƙara tsawon rai ne, ko jin daɗin jiki kawai?

Rai na hannun Allah, amma ga abin da aka auna. A watan Yunin 2025 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna CHALLENGE, wanda Farfesa Kerry Courneya na Kanada ke cikin jagororinsa. An ɗauki mutum 889 masu dajin babban hanji da suka gama tiyata da kemo, aka raba su gida biyu. Rabi an ba su takardun shawara kawai, rabi an haɗa su da mai horarwa na shekara 3. Da yawansu tafiyar ƙafa da sauri suka zaɓa, minti 45 zuwa 60, sau 3 ko 4 a mako. Bayan shekara 5, kusan kashi 80 cikin 100 na masu horo suna raye ba tare da cutar ta dawo ba, a ɗaya rukunin kuwa kashi 74 ne. Bayan shekara 8, kashi 90 na masu horo na raye, kashi 83 a ɗaya rukunin.

Kar a ɗora wa wannan sakamako abin da bai faɗa ba. Dajin hanji ne aka gwada, kuma ga waɗanda suka kammala maganin asibiti. Wanda ya bar kemo ya kama zagaye filin wasa na Giginya da sassafe ya cuci kansa.

To nawa ne adadin?

A 2019 wani taron masana da ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta kira ya fitar da awo: motsin da ke sa numfashi ya ɗaga, minti 30, sau 3 a mako, sai kuma aikin ƙarfafa tsoka sau 2 a mako, kowane motsi a maimaita sau 8 zuwa 15, a huta, a sake. Wanda ya warware sai ya nufi minti 150 a mako.

Ba daga nan ake farawa ba. Wanda ya daɗe a kwance ya fara da minti 5 sau 2 a rana, ya ƙara minti 2 ko 3 duk bayan 'yan kwanaki. Ma'aunin sauri shi ne baki: in kana iya magana amma ba ka iya jan waƙa, ka yi daidai. In maganar na tsinkewa, ka rage. Don tsoka, a tashi daga kujera a zauna ba tare da dafawa ba, a tura bango da tafin hannu, a ɗaga gorar ruwa. Lita 1 kilo 1 ce, ledar fiya wata kuwa rabin kilo. In washegari mutum ya kasa tashi saboda jigata, an wuce gona da iri, a koma rabin abin da aka yi. Kwanaki biyu ko uku na bayan kemo sukan fi tsanani, a ranakun nan zagaya tsakar gida ma ya isa.

Yaushe ne bai kamata a yi ba?

Nan ne aka fi kuskure. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga mai karɓar kemo ba na "bari in sha maganin maleriya in gani" ba ne. Kemo na karya sojojin jini, ƙwayar cuta na iya cin mutum cikin sa'o'i, don haka asibiti za a nufa a lokacin. Haka in PCV, wato awon yawan jini, ya sauka ƙasa da 24, ko ƙwayoyin daskarar da jini sun gaza 50,000, sai da izinin likita. A dakata nan take in an ji ciwon ƙirji, jiri, numfashi na sarƙewa a zaune, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, domin yana iya zama gudan jini ne. Amai da gudawa ma a jira su tsaya.

Wasu magungunan, irin su paclitaxel da oxaliplatin, suna kashe jin yatsun ƙafa. Mai wannan matsala ya bar silifas ya sa takalmi rufaffe, ya bi fili marar gargada kusa da bango, ya duba tafin ƙafarsa kullum, don ƙaya na iya shiga bai ji ba.

Baba cutar ta kai masa ƙashi. Shi ma?

Shi ma, amma ba da ra'ayin kansa ba. Ƙashin da daji ya ci yana iya karyewa da abin da bai taka kara ya karya ba. Likita zai nuna inda cutar take a hoto, mai gashin ƙashi ya tsara motsin da ba ya ɗora nauyi a wurin. Ban da tsalle, ban da murɗa baya, ban da ɗaukar kaya. Kuma don Allah kar a kai shi wajen mai ɗori ko a yi masa matsa mai ƙarfi. Sabon ciwon baya tare da nauyin ƙafafu, ko fitsari ya riƙe ko yana zuba, alama ce ta ƙari ya danne lakar baya. A ranar za a kai shi.

An cire mini mama, an ce kar in ƙara ɗaukar komai da hannun. Gaskiya ne?

Tsohuwar shawara ce, Hajiya. A 2009 wata mai bincike a Amurka, Kathryn Schmitz, ta gwada mata 141 da hannunsu ya riga ya kumbura bayan jinyar dajin mama. Waɗanda suka yi ɗaga nauyi a hankali sau 2 a mako na shekara guda, kashi 14 ne kumburin ya tasar musu. Cikin waɗanda ba su yi ba, kashi 29 ne. Sirrin yana cikin "a hankali": sun fara da ɗan ƙaramin nauyi, suna sanye da safar hannu mai matsewa, ana lura da su.

A makon farko bayan tiyata, musamman in robar da ke fitar da ruwa na jiki, kar gwiwar hannu ta wuce kafaɗa. In likita ya ba da dama, ki fuskanci bango ki riƙa hawa da yatsu, ki sa alama da alli inda kika kai kullum. Wannan na da amfani ko don gashin na'ura, wato ƙona cutar da hasken na'ura, domin ana so ki iya ɗaga hannu sama da kai. Ki samu tef ɗin tela ki auna hannayen biyu a wuri ɗaya duk mako. Bambancin santimita 2 abin nuna wa likita ne. In hannun ya yi ja da zafi ga zazzaɓi, ki tsayar da motsi ki je asibiti. Daka da jan guga su jira sai ƙarfi ya dawo.

Ga zafin Sakkwato, ga azumi. Ya za a yi?

Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, mai kemo kuwa ruwan jikinsa na saurin ƙarewa. A yi bayan sallar asuba ko bayan isha'i, a sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. Lokacin hunturu a rufe hanci, ko a yi a ɗaki in ƙura ta yi yawa. Matar da ba ta fita, tsakar gida ya ishe ta: daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, kai da komo, ana duba agogo. Fatar da ake gasawa a rufe ta daga rana da tufa mai laushi. Batun ɗaukar azumi a tattauna da likita tukuna. Wanda aka yarje wa ya yi motsinsa bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu.

Wa za a tuntuɓa?

Likitan da ke ba da maganin. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko duk inda ake ganin ku, ku roƙi ya rubuta muku takarda zuwa wajen masu gashin ƙashi, ku tafi da sakamakon gwajin jini na ƙarshe da hotunan da aka ɗauka. Wanda ya zo daga nesa, kamar Illela, Argungu ko Gusau, ya ce a koya masa abin da zai yi a gida tare da ɗan jinyarsa, ya riƙa rubuta mintunan kowace rana a littafi ya kawo ranar ganin likita.